Kare 'Yan Makaranta Daga Ƙwayoyin Jabu: Jan Hankali Ga Jama'ar Mayo Gwoi

Ƙwayar jabu ita ce wadda aka buga da kama da suna irin na maganin gaskiya, alhali abin da ke cikinta dabam ne, ko dai sinadarin ya wuce kima, ko kuma an gauraya shi da wani wanda ba a rubuta ba. Mafi haɗari cikin abin da ake gaurayawa shi ne fentanil, wato wani maganin kashe raɗaɗi da likitoci ke amfani da shi wajen tiyata da ciwon daji, wanda ƙarfinsa ya ninka na mofin kusan sau 100, har miligiram 2 kan isa ya tsayar da numfashi. Shi da danginsa sun hallaka fiye da mutum 70,000 a Amurka a 2022, shekarar da hukumar NDLEA ta yi gargaɗin cewa ana yunƙurin shigo da shi Nijeriya.

Sai dai abin da ya fi kusa da yaron Mayo Gwoi da sauran unguwannin Jalingo shi ne taramol na bayan fage. Wanda hukumar NAFDAC ta amince da shi bai wuce miligiram 50 ko 100 ba, amma na hannun 'yan ƙwaya yakan kai 225, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 4.6 ne ke shan ire-iren waɗannan magunguna ba da umarnin likita ba.

Babbar ɓarakar kuwa daga gida take farawa, ko da yake iyaye ba su cika son jin haka ba. Yaron da aka saba aika kemis ko wurin mai tallar magani, ya dawo da ƙwayoyi tsirara a ƙulle cikin leda babu suna babu ranar lalacewa, ya riga ya koyi cewa kowace ƙwaya abar haɗiyewa ce, saboda haka ran da abokinsa ya miƙo masa wata da sunan maganin gajiya ko na ƙarfin karatu ba zai yi wata-wata ba. Ido ba ya rarrabe jabu da na gaskiya, don haka ƙa'idar da ya wajaba a cusa wa yaro, a gida da makarantar boko da Islamiyya, ita ce kada ya karɓi magani sai daga hannun iyaye ko ma'aikacin lafiya. Duka da kora daga makaranta ba su cika yin amfani ba, domin sukan tura yaro ne ga waɗanda suka ɓata shi.

Idan aka ga yaro ya yi barcin da ba ya tasuwa, numfashinsa ya yi ƙasa, baƙin idonsa ya tsuke, to kada a ɗura masa madara ko manja, kada kuma kunya ta sa a ɓoye shi a ɗaki. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru da ke Jalingo, tare da ragowar abin da ya sha, domin akwai makari mai suna nalokson wanda ke dawo da numfashi idan an ba da shi a kan lokaci.