Yadda ake koya wa yaro gaba da baya cikin wasa

A gidan hayarmu na unguwar Treichville, Faransanci da Julanci ne a bakin yara, Hausa sai an matsa. Wata tsohuwa 'yar Maradi, wadda ɗanta ke sayar da abincin garba a unguwar Adjamé, ita na gani tana wannan wasa da jikokinta bayan la'asar, a wurinta na koya.

Daga jiki ake farawa: taɓa kanka, cikinka, bayanka, bakinka. Sai a miƙa wa yaro murfin kwalba, ya sa shi a kan kujera, a cikin kwando, a bakin ƙofa, a gindin turmi. Ga abin da ke burge ni: Jikinsa Bahaushe ya ara wa duniya, shi ya sa ƙofa ke da baki, azahar ma ke da goshi.

Daga nan a gina gari. Tabarma ce ruwan Ébrié, faifai Adjamé, kujera Plateau, muciya da taɓarya gadojin Houphouët-Boigny da De Gaulle. Gwangwanin sardin ne mota. "Maigidana, taso daga Adjamé, ratsa Plateau, hau gada, ruwa na ƙarƙashinka, ƙetara zuwa Treichville." Tsakani, kusa da nesa duk a nan suke shiga kai.

Inda ake tuntuɓe shi ne gaba. Ajiye kwano tsakanin yaro da lemo, yana hango lemon. Mu cewa muke lemo na gaba da kwano, kamar yadda muke kwatance: shagon na gaba da masallaci. A aji kuwa, "derrière" na Faransanci, wato baya, ake son ji. Tun 2015 lakwal ta zama tilas a ƙasar nan daga shekara 6, don haka kowane ɗanmu sai ya ci karo da wannan. Kada ka ce masa ya yi kuskure, domin bai yi ba.

Tsohuwar kan zauna gefensa, kafaɗa da kafaɗa, don idan ta fuskance shi damarta ta zama hagunsa. Takan fara da abu mai fuska, kamar 'yartsana, inda harsunan biyu ba sa gardama. Sai ta tura lemon inda babban kwando zai kare shi. "Yanzu fa?" Yaro ya ce yana baya, don abin da ya ɓuya baya yake. Sai wannan ya zauna sosai take dawo da kwanon, ta kira yayarsa 'yar lakwal. Kaka ta faɗi na gida, yaya ta faɗi na aji, lemo bai motsa ba.

Jarrabawar aike ce: "Je ka bayan randa, gindin bango, ɗauko mini buta." Ranar da ƙaramin ya dawo da ita bai tsaya tambaya ba, har makwabta sai da suka ji guɗar tsohuwar.