Awon Numfashin Direba da Iyakar Shaidarsa

Direban da ya sha giya ya kama mota ya jefa rayukan jama'a cikin hatsari. Hukunta wanda bai ƙetare haddi ba kuwa zalunci ne. Saboda haka ya kamata Hakimai da Magatakardansu su fahimci na'urar awon numfashi, su san inda shaidarta ta tsaya.

1. Asalinta. Robert Borkenstein, ɗan sandan Jihar Indiyana ta Amurka, shi ya ƙago ta a 1954. A Ingila dokar 1967 ta yanka haddi, watau miligiram 80 na barasa cikin mililita 100 na jini.

2. Aikinta. Giya takan shiga jini, daga nan kaɗan ya fita ta huhu. Na'urar iska take aunawa, ba jini ba. A Amurka akan ɗauka barasar da ke cikin mililita 2,100 na numfashi daidai take da ta mililita 1 na jini. Wannan ƙiyasi ne, gama jikin mutane ya bambanta, zazzaɓi ma yakan ɗaga awon.

3. Kuskurenta. In akwai ragowar barasa a baki, ko don kurɓar da aka yi yanzu, ko gyatsa, ko amai, ko maganin kurkure baki, awon yakan zarce gaskiya. Don haka ake lura da direba minti 15 zuwa 20 kafin ya hura. Na biyu, na'urar kamar sikelin kasuwa take: in ba a daidaita ta a kan kari ba, sai ta yi ƙarya. A 2018 Babbar Kotun Jihar New Jersey ta Amurka ta ƙi karɓar awon mutum fiye da 20,000, don ba a bi ƙa'ida wajen daidaita na'urorin ba.

4. Rigakafi. A Ingila awon bakin hanya dalilin kamu ne kawai. A ofishin 'yan sanda ake sake hurawa sau biyu, a ɗauki mafi ƙanƙanta a kai gaban Alƙali.

In an kiyaye waɗannan sharuɗɗa, shaidar na'urar ta fi ta ido da hanci ƙarfi nesa. To, duk Magatakardan da irin wannan rahoto ya biyo ta hannunsa, lalle ya duba abu uku: lokacin da aka tsayar da direba, lokacin da ya hura, da ranar da aka daidaita na'urar. In ɗaya ya ɓace, ya nema kafin takarda ta wuce gaba.