Joji Washinton: Manomin Da Ya Mayar Da Amana

Hakimai, da ku malamai masu riƙe da littattafan gunduma, darasinmu na wannan karo a kan Joji Washinton ne, watau shugaban ƙasar Amurka na farko. An haife shi ran 22 ga Fabrairu, 1732, a Birjiniya, sa'ad da take hannun Ingila. Ya rasu ran 14 ga Disamba, 1799, shekara huɗu da 'yan watanni kafin Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu.

Gona Da Littafi

Yana da shekara 11 ubansa ya rasu, don haka bai sami karatu mai zurfi ba. Da ya kai 17 ya kama aikin awon ƙasa, ya saba da rubuta kome a littafi. Daga baya ya gaji babban gandu a bakin kogin Fotomak, inda ake noman taba. To, taba ta cinye ƙarfin ƙasa, bashin attajiran Landan masu sayenta kuwa ya hau kansa. Da ya duba littafinsa ya ga hasara, sai ya koma ga alkama, ya riƙa sāke shuka daga gona zuwa gona. Manoman Funtua da Malumfashi, waɗanda suka san abin da auduga ke yi wa gona in an nanata ta shekara da shekaru, sun san dalilinsa.

Yaƙi

A 1775 ƙasashe 13 na Amurka suka tayar wa Sarkin Ingila, suka naɗa Washinton shugaban mayaƙansu. Ya ƙi karɓar albashi, ya ce a biya shi abin da ya kashe kurum, ya kuwa rubuta shi dalla-dalla. Sojan Ingila suka ba da kai a Yoktawun a 1781, aka yi sulhu a 1783. A lokacin nan rundunar tana hannunsa, jama'a suna sonsa, da wuya a sami mai iya hana shi mulki. Amma ran 23 ga Disamba, 1783, ya je gaban majalisa ya mayar da takardar naɗinsa tare da ikon da aka ba shi, ya koma gona.

Shugabanci

Bayan an tsara dokar ƙasa a Filadalfiya a 1787, aka zaɓe shi, ya yi rantsuwa ran 30 ga Afrilu, 1789. Ayyukan da ya fara da su ba baƙi ba ne gare ku. An yi ƙidayar farko a 1790, aka sami mutum kusan miliyan huɗu. Ya yi rangadin arewa a 1789, na kudu kuwa a 1791, don ya ga halin talakawa da idonsa.

Haraji shi ne ya fi ba shi wahala. A 1791 aka aza haraji a kan barasa. Manoman yammacin Fensilbaniya, waɗanda ke dafa ta da hatsinsu don nisan kasuwa, suka ƙi biya, har a 1794 suka ƙone gidan mai karɓa. Washinton ya fara aika wakilai su yi magana da su. Da abin ya ƙi, sa'an nan ya tara mayaƙa wajen 13,000, masu tawaye suka watse. Mutum biyu da aka yanke wa hukuncin kisa kuwa ya yafe musu.

Da ya gama wa'adi na biyu, ya ce ya isa. Ya sauka a Maris, 1797, Jon Adams ya gaje shi lafiya. Babu dokar da ta tilasta masa, gama sai a 1951 aka mai da wa'adi biyu doka.

Aibinsa

Ba ma ɓoye cewa bayi ne suka noma gandunsa. Sa'ad da ya rasu akwai 317 a can, 123 nasa ne na kansa. Ya bar wasiyya a 'yanta nasa bayan rasuwar matarsa, amma bai 'yanta su da ransa ba. Mutumin da ya yi yaƙin neman 'yanci ya tsare wa waɗansu nasu.

Abin Lura

Lalle sarautar gargajiya ba a yi mata wa'adi kamar shugabancin ƙasa, amma amanar ɗaya ce. Na farko, malami ya rubuta kowane kuɗi da kowace iyakar gona ran da abin ya faru, don rigimar gona daga mantuwa take tasowa. Na biyu, hakimi ya fita rangadi, kada ya dogara ga abin da aka kawo masa zaure. Na uku, a fara da magana kafin ƙarfi, in an rinjaya kuma a yi sassauci. Wanda aka ba riƙo, ya zauna da shirin ranar da za a ce ya kawo littafi.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.