Sana'ar Mayar da Murya Rubutu da Waya: Yadda Ake Farawa da Yadda Ake Jure Mata

Wayar da ke aljihun matashi tana iya zama shago. Daga cikin sana'o'in da ake yi da ita ba tare da babban jari ba akwai mayar da murya rubutu, wato a saurari hira ko wa'azi ko taron da aka naɗa, a rubuta shi kalma bayan kalma, a miƙa wa mai shi ya biya. Masu shiga wannan sana'a suna da yawa, amma masu kai wata 3 a cikinta kaɗan ne. Yawanci ba lalaci ke korar su ba, rashin lissafi ne. Mutum ya karɓi aikin da ya zaci na awa ɗaya ne, ya wuni a kansa, ya tashi da kuɗin da bai kai na data da caji ba. Wannan darasi ya ɗauki ƙaramar hukumar Zango ta masarautar Daura a jihar Katsina a matsayin misali, amma duk mai waya da kunnen Hausa zai amfana da shi.

Su wa ke buƙatar wannan aiki?

Na farko ɗalibai ne. A Daura akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Kwalejin Yusuf Bala Usman, a Katsina akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu yakan naɗo hirarraki da manoma ko 'yan kasuwa ko dattawa, kuma sai sun koma rubutu kafin ya yi nazarinsu. Na biyu ƙungiyoyin da ke aikin lafiya ko noma a karkara, waɗanda ke tara mutane su yi musu tambayoyi. Na uku malamai da almajiransu masu son adana darussa da tafsirin watan azumi. Sai ƙungiyoyin gari masu son rahoton taro, da masu bidiyo a YouTube da TikTok da ke son rubutu ya riƙa bayyana a ƙasan hoto.

Akwai kuma iyalai da gidajen sarauta masu son a rubuta abin da tsofaffinsu suka sani tun suna raye. Zango gari ne mai irin wannan kaya. Bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, wani reshe na tsohon gidan sarautar Daura ya zauna a Zango, kuma daga can ne aka dawo da Malam Musa kan gadon sarautar Daura a farkon ƙarni na 20. Littafin M. G. Smith mai suna The Affairs of Daura, wanda ya fito a 1978, ya dogara ƙwarai da abin da aka ji daga bakin masu sarauta da dattawa. Matarsa Mary Smith kuwa ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, tana faɗa ita tana rubutawa da hannu, har ya zama littafi a 1954. Aikin da suka yi da alƙalami shi ne yau ake yi da waya.

Kayan aiki

Ba sai da kwamfuta ba. Wayar Android mai matsakaicin ƙarfi ta isa, amma abubuwa 3 suna sauya aikin baki ɗaya. Na farko iyafis mai toshe kunne sosai, domin sauraro da lasifikar waya yana ɓatar da ƙarshen kalmomi. Na biyu kibod na waje, wanda ake haɗawa da waya ta Bluetooth ko da igiyar OTG, domin yatsu goma sun fi manyan yatsu biyu sauri nesa ba kusa ba. Na uku fawa banki, saboda aikin da caji ya yanke a tsakiya yana cin lokaci sau biyu.

A ɓangaren manhaja, VLC kyauta ce, tana rage saurin magana, tana kuma maimaita wani yanki na sauti har a gane shi. Ana buɗe ta a rabin fuskar waya, a buɗe Google Docs ko WPS Office a ɗaya rabin, tunda Android ta fara raba fuska biyu tun sigar 7 a 2016. A Gboard kuma a ƙara harshen Hausa domin a samu haruffa masu lanƙwasa.

A kula da nauyin fayil. Sautin awa ɗaya a tsarin MP3 mai ingancin 128 kbps yana kai kimanin megabait 58, amma a tsarin WAV yana iya haura megabait 600. Gara a roƙi mai aiki ya turo MP3, ko a karɓa hannu da hannu ta Xender idan yana kusa.

Lissafin da ke raya sana'ar

Abin da aka saba ƙiyastawa a wannan sana'a shi ne ƙwararre yana cin kusan awa 4 wajen rubuta sautin awa ɗaya mai tsabta. Sabon shiga, musamman da waya, yana iya cin awa 6 zuwa 8. Idan mutane da yawa ke magana, ko an naɗa a kasuwa da ƙarar babura, lokacin ya ƙaru. Saboda haka mataki na farko, tun kafin neman kwastoma, shi ne mutum ya auna kansa. Ya ɗauki sautin minti 10, ya kunna agogo, ya rubuta shi har da gyara. Idan ya ci awa ɗaya, to kowane minti na sauti yana cin masa minti 6.

Daga nan ne farashi ke fitowa. A ɗauki misali: matashi yana son kowace awar aikinsa ta ba shi naira 1,500. Sautin awa ɗaya zai ci masa awa 6, wato naira 9,000. Ya ƙara naira 1,000 na data da caji, ya zama 10,000. Idan aka raba da minti 60, kowane minti na sauti ya kama kusan naira 170. Da ya karɓi aikin a kan naira 3,000 don kada a ce ya cika tsada, da kowace awarsa ta tashi a naira 500 kafin a cire data. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, kowa ya sa nasa, amma tsarin ɗaya ne: a yi ciniki da mintin sauti, ba da shafi ba, ba kuma da “ka ba ni abin da ya sauwaƙa” ba.

Kafin a faɗi farashi a saurari minti 2 daga farko, 2 daga tsakiya, 2 daga ƙarshe. A tambayi mai aiki ko yana son kowace kalma har da in-ina da dariya, ko magana tsabtatacciya. A tambaya ko yana son fassara, domin fassara aiki ne daban mai kuɗinsa daban. A karɓi rabin kuɗi kafin a fara, a rubuta yarjejeniyar a saƙon WhatsApp, ko da mai aikin ɗan'uwa ne. Duk shafin intanet da ya ce a biya kuɗin rajista kafin ya ba da aiki, a guje shi.

Na'ura za ta ƙwace aikin?

Tambaya ce da ke kashe wa mutane da yawa gwiwa. Gaskiya na'ura tana matsowa. A watan Satumba na 2022 kamfanin OpenAI ya saki Whisper, wadda aka horar da sautin awa 680,000, kuma Hausa na cikin harsunanta. A 2023 Meta ta fitar da tsarin da ke gane magana a harsuna sama da 1,000. A 2024 Google ta sa Hausa cikin harsunan da ake yi wa Gboard magana ya rubuta.

Sai dai waɗannan na'urori sun fi ƙwarewa a harsunan da aka ciyar da su da yawa, irin su Turanci. A Hausa sun fi jin mutum ɗaya mai magana a natse cikin ɗaki shiru. A kai musu dattijo mai Dauranci yana jefa karin magana, ga awaki na kuka a bayansa, sai su rikice. Zango tana kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma a hira ɗaya ana iya jin kalmomin aro daga Turanci da Faransanci da Larabci. Ɗan Nijar zai ce lakwal inda ɗan Najeriya zai ce makaranta. Idan ya ce jaka ɗaya, sefa 1,000 yake nufi, alhali a tsohon lissafin Najeriya jaka naira 200 ce. Na'ura za ta rubuta “jaka” ta wuce. Wanda ya tashi a kan iyaka shi zai san ya sa wa mai aiki ɗan bayani.

Dabara ita ce a mai da na'ura yaron shago. Idan sautin mai tsabta ne, a bar ta ta yi daftarin farko, sannan a bi shi da kunne layi-layi. Idan gyaran ya fi rubutawa daga farko cin lokaci, a ajiye ta.

Ingancin da ke dawo da kwastoma

Rubutun Hausa yana da tarkuna. Ƙafa daban, kafa daban. Ɓata daban, ba ta daban. “Ga shi” ba “gashi” ba ne, “da shi” ba “dashi” ba ne. Ana rubuta “za a” da “ba a” a rabe. A Najeriya ana rubuta 'ya'ya, a Nijar kuma ƴaƴa, don haka a tambayi mai aiki wanne yake so. Idan mai bincike ne, kada a gyara wa mai magana karin harshensa zuwa na Kano, domin wataƙila abin da ake nema ke nan.

Inda ba a ji kalma ba, kada a ƙirƙira. A rubuta “ba a ji ba” tare da lokacin, misali 14:32, mai aiki ya duba da kansa. A sa sunan mai magana ko lambarsa a farkon kowane zance.

Sai amana. Hirar asibiti ko ta rikicin gado tana ɗauke da sirrin mutane. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan masu sarrafa bayanan wasu. A sa wa waya makulli, kada a tura sautin kwastoma a wani zaure, kada a ɗora shi a wata manhaja ta intanet sai da izininsa, a kuma goge shi bayan an gama. A ƙaramin gari kowa ya san muryar kowa, kuma magana zarar bunu ce.

Yadda ake riƙe zuciya

Aiki ne na kaɗaici, kuma sautin awa 2 yana da ban tsoro idan aka kalle shi dunƙule. A yanka shi gida-gida, minti 10 kowane yanki, a rubuta jerin a takarda, a riƙa soke wanda aka gama. Tsarin Pomodoro da Francesco Cirillo ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980 ya dace da wannan: aiki minti 25, hutu minti 5. Lokutan salla ma sun riga sun raba yini. Sauti mai wahala a yi shi bayan asuba, lokacin da gari ke shiru kuma kai bai gaji ba, gyara kuwa a bar shi bayan la'asar.

Yayin aiki a kashe data. Wayar da ake rubutu da ita ita ce mai TikTok da WhatsApp, kuma leƙe ɗaya yana cinye rabin awa.

A buɗe littafin lissafi mai layi 4: mintin sauti, awannin da aka ci, kuɗin da aka karɓa, kuɗin da aka kashe. Ranar da zuciya ta karaya, wannan littafi shi ne magani. Wanda ya ga minti 10 na sauti da ke cin masa minti 80 a watan farko ya koma minti 55 a wata na uku, ya ga ci gabansa da idonsa. Littafin ne kuma zai nuna lokacin ƙara farashi, da kwastoman da ya kamata a ba haƙuri.

Aiki yana da kaka yana da rani. Lokacin kundin ɗalibai da bayan azumi ana samun cunkoso, wasu watanni kuwa shiru. A ware wani kaso daga kuɗin kaka. A watannin shiru a koyi bugu da yatsu goma, ko yadda ake haɗa fayil ɗin SRT na bidiyo. Ana kuma iya zama da wani tsoho a gida a naɗi tarihinsa a rubuta, ya zama samfurin da za a nuna wa kwastoma, ya zama kuma gado ga iyali. Samun aboki ɗaya ko biyu a sana'ar yana taimakawa: kowa ya duba rubutun ɗan'uwansa da sanin mai aiki, babban aiki kuma a raba.

A ƙarshe a kula da jarin, wato kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da haɗari ba, kuma idan ƙarfin ya ƙaru lokacin yana raguwa da sauri. Ƙure ƙara ba ya gyara sauti mara kyau, sai dai ya gajiyar da kunne. Gara a rage sauri a maimaita.

Aikin gwaji na wannan mako: a naɗi hirar minti 10 da wani babba a gida da izininsa, a rubuta ta, a auna lokacin da ta ci, sannan a fitar da farashin minti ɗaya. Wanda ya san wannan adadi ya shirya karɓar kwastomansa na farko.