Yadda Ake Gano Lalacewar Akwatin Wutar Jikin Mota da Sauya Shi

Motar zamani ba ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta ba. Wadda aka fi sani ita ce ta inji, wadda makanikai ke kira biren bokis. Bayan ita akwai wani akwati mai kula da wutar jikin mota: fitilu, sigina, waifa, hon, gilasan ƙofa da makullansu, a wasu motocin har da tantance makullin tayar da inji. Yawancin kamfanoni suna kiransa BCM. Peugeot na kiransa BSI, Honda MICU, Mercedes kuwa SAM. A tsohuwar 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Peugeot ta Kaduna da ta soma aiki a 1975, wuta daga makunni take tafiya kai tsaye zuwa fitila. A 307 da 406 ta baya-bayan nan, makunni saƙo kawai yake aikawa, akwatin ne ke sakin wutar.

Saboda haka alamar ciwonsa ba ta zuwa ita kaɗai. Waifa ta tashi ba a taɓa ta ba, ƙofofi su riƙa kulle kansu, fitilar ciki ta ƙi mutuwa, batir ya kwana ya wayi gari babu wuta. Abu ɗaya in ya tsaya, galibi fiyus ne ko rile ko makunni. Idan abubuwan da ba su da dangantaka suka rikice a lokaci guda, a nan ake fara zargin akwatin. Zargi dai, ba hukunci ba, domin a garejojin Darmanawa da Gyadi-Gyadi da bakin Titin Zariya a Kano akan cire akwati lafiyayye a jefar, alhali laifin na waya ne.

Aikin yana farawa da tambayar mai mota: me aka yi mata kafin ta fara? Amsar takan rage rabin wahala. Ko an ratsa ruwa da ita a damina, ko an wanke cikinta da injin feshi, ko an yi mata walda ba a cire kan batir ba, ko an jona batir a juye. Akwai kuma al'adar nan ta tayar da mota da batirin aro, a zare shi inji na aiki a mayar da nata. Wannan dabara ta zamanin 504 ce. A motar yau wutar altaneta kan yi tsalle a wannan ɗan lokaci ta ƙona abin da ke cikin akwati. A tambaya kuma ko an saka mata tiraka, ƙararrawar ɓarayi ko sabuwar rediyo, don masu sakawa sukan fere waya su ɗaura a inda suka ga dama.

Daga nan sai batir. Cikakken batir yana nuna kimanin bolt 12.6 a mita idan inji na kashe, in an tayar kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Batir mai rauni yana sa lafiyayyen akwati ya yi halin marar lafiya, kuma zafin Kano na watan Afrilu, da kan haura digiri 40, ba ya barin batir ya daɗe. Sai a bi fiyus ɗaya bayan ɗaya da mita, ba da ido ba. Duk inda aka tarar an naɗa silin waya a gurbin fiyus, a lura da wannan layi sosai. Sai wayoyin da aka ɗaure a ƙarfen jikin mota, waɗanda wuta ke komawa ta cikinsu. A kwance su, a kankare tsatsa, a ɗaure tamau.

Bayan wannan ne ake jona wa mota kwamfuta. Soket ɗin yana ƙarƙashin sitiyari a yawancin motoci, mai ramuka 16, kuma Amurka ta wajabta shi tun 1996. Ƙaramar na'ura mai araha lambobin inji kaɗai take karantawa, waɗanda ke farawa da P. Ana bukatar wadda ke shiga kowane akwati, irin Launch ko Autel, ko ta kamfanin motar kanta, kamar Techstream ta Toyota da Diagbox ta Peugeot. Lambobin jikin mota da B suke farawa, na sadarwa tsakanin akwatuna kuma da U. U0140, alal misali, tana nufin sauran akwatunan sun daina jin BCM. Ba ta ce ya mutu ba. Akwatin da wuta ba ta isa gare shi, ko wanda ɓera ya cinye wayar sadarwarsa, shi ma shiru zai yi. A rubuta lambobin kafin a goge su, sannan a ga waɗanda suka dawo.

Gwajin da ke raba gardama shi ne na shiga da fita. A buɗe shafin da ke nuna abin da akwatin yake gani a lokacin, a murɗa makunnin waifa. Idan allon bai nuna an kunna ba, saƙon bai iso ba, laifin na makunni ne ko wayarsa. Idan ya nuna, sai a umarci akwatin daga kwamfuta ya tayar da waifar, a auna ƙafar soket da ya kamata wuta ta fito. Wuta ta fito amma waifa ba ta motsa ba, matsalar tana gaba. Saƙo ya shiga, akwatin yana samun wutarsa cikakkiya, amma babu abin da ya fito: a nan ne laifi ya tabbata a kansa. A motocin da wayoyin sadarwa na CAN suka zo rami na 6 da na 14 na soket ɗin da ake jona kwamfuta, a cire batir a auna tsakaninsu. Om 60 ake nema. Game da shanyewar batir kuwa, motar da aka kulle ta yi barci bai kamata ta ja fiye da kimanin miliamfa 50 ba. In ta wuce, a bi fiyus har a gano layin da ke ja.

Kafin cirewa, a kashe mota, a zare makulli, a jira. A Peugeot ana ba BSI aƙalla minti 3 ya yi barci kafin a taɓa batir, in ba haka ba bayanan cikinsa kan rikice. A fara cire kan batir na negatif. A ɗauki hoton soket-soket da waya, a sassauta maƙallansu a hankali, don robar da ta sha zafi saurin karyewa take. Koren tsatsa a ƙafafun soket ko alamar laka shaidar ruwa ce. Dole a nemo ta inda ya shigo, ko bakin gilashin gaba, ko magudanar da ganye ya toshe, ko bututun ruwan na'urar sanyaya mota. Motocin gwanjo da ambaliya ta taɓa cinyewa a Amurka sukan iso da wannan ciwo a ɓoye. Wani lokaci wankewa da sake liƙa dalma, ko sauya rile ɗaya a kan allon cikin akwatin, ya wadatar.

In sauyawa ta zama dole, lambar da ke jikin akwatin ita ce abin bi, ba kamanni ba. Akwati biyu kan zo da siffa ɗaya amma cikinsu daban, gwargwadon shekara da kasuwar da aka yi motar dominta. A tafi Kasuwar Ƙofar Ruwa da tsohon a hannu, a kuma yi sharaɗin mayarwa tun kafin a biya. Na hannu, wanda aka ciro daga wata mota, yana ɗauke da bayanan waccan motar. A Peugeot, BSI yana riƙe da lambar sirrin makulli da adadin kilomita, don haka ko dai a kwafe bayanan tsohon akwati a zuba a sabon, ko a goge bayanan cikin sabon a saita shi da lambar sirri mai gurbi huɗu, ko a sayi saiti guda: BSI, ƙwaƙwalwar inji da makulli, duk daga mota ɗaya. Kwafewar ta fi tsabta matuƙar tsohon yana karantuwa.

A ɗaura akwatin, a tabbatar kowane soket ya shige har ya yi ƙara, a mayar da batir. Yayin saiti a jona caja mai riƙe wuta daidai, domin wuta in ta faɗi ana tsakiyar rubutu akwatin kan mutu gaba ɗaya. A shigar da lambar jikin motar mai gurbi 17, a gaya masa kayan da motar ke da su, a koya masa dukkan makullai a zama ɗaya, don a yawancin motoci wanda aka bari a gida ba zai sake tayar da inji ba. Sai a goge lambobi, a gwada kowace fitila da gilashi da ƙofa, a zagaya da motar, a sake karantawa. Gwaji na ƙarshe shi ne a bar ta ta kwana a kulle, a auna batir da safe kafin a miƙa wa mai ita makulli.