Darasin Lafiya: Ciwon Daji na Hanta, Sanadinsa da Rigakafinsa da Maganinsa

Darasinmu na wannan fitowa a kan wani ciwo ne da ke kashe magidanta tun suna da sauran ƙarfi, wato ciwon daji na hanta. A ƙididdigar shekarar 2020, mutum sama da 900,000 suka kamu da shi a duniya, kimanin 830,000 kuma suka mutu. Abin da ya sa ya yi muni shi ne hanta ba ta saurin yin kuka. Kafin ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, mutum ya rame, galibi ciwon ya riga ya yi nisa.

Me ke kawo shi?

Na farko, ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Wani likita ɗan Amurka, Baruch Blumberg, shi ya gano alamarta a jini a 1965. Tana shiga ne ta jini, ko ta saduwa, ko daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Babba in ya kamu, yawanci jikinsa kan kore ta. Jariri kuwa, tara cikin goma takan zauna musu har abada, tana cin hanta a ɓoye shekara ashirin ko talatin. Wannan shi ne babban sanadi a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma.

Na biyu, nau'in C, wanda aka gano a 1989. Shi ma ta jini yake shiga, musamman ta allura da ƙarin jinin da ba a gwada ba.

Na uku, gubar funfuna. Gyaɗa ko masara in an adana ta da danshi takan yi funfuna mai fitar da guba da ake kira aflatoksin. An gano ta ne bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin gyaɗa da ya lalace. Dafuwa ba ta kashe ta. In ta haɗu da nau'in B a jikin mutum guda, haɗarin sai ya ninka.

Na huɗu, giya, da kitsen da ke taruwa a hanta saboda ƙiba da ciwon sukari. Mai zama a mota da daddare yana cin shinkafa da lemon kwalba, ba ya motsa jiki, ya kula da wannan.

Rigakafi

Nau'in B yana da allurar rigakafi. Saudiyya ta fara yi wa duk jarirai a 1989, Ghana a 2002, Nijeriya a 2004. Ke nan, duk wanda aka haifa a gida kafin waɗannan shekaru, mai yiwuwa ba a yi masa ba. Ya je a gwada jininsa, in babu ƙwayar a yi masa allura uku. Jariri kuma a yi masa ta farko cikin awa 24 da haihuwa.

Sai aska. Ya kai ɗan uwa, in ka je aski bayan Umra ko a Mina, kada ka yarda a yi maka da rezar da ta taɓa kan wani. Nemi wanzami mai izini, ka ga an ɓare sabuwa a gabanka. Haka wajen ƙaho, da kaciya, da yankan farce. Burushin haƙori ma kowa da nasa.

Gwajin kafin aure kada a ji kunyarsa. Tun 2008 Saudiyya ta sa nau'in B da C cikinsa. In an samu B ga ɗaya, rigakafi na kare ɗayan. A sani kuma, ba a ɗaukar wannan ciwo ta musafaha ko cin abinci a kwano ɗaya, don haka kada a ƙyamaci kowa.

Tsarabar gyaɗa da ƙulikuli da ake kawo mana daga gida, a duba ta. Wadda ta canza launi, ko take ɗaci, a zubar.

Magani

Nau'in C yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin mako 8 zuwa 12, fiye da kashi 95 cikin ɗari suna warkewa. Nau'in B ba a kai ga kawar da shi ba, amma magunguna irin su tenofovir suna danne shi, su rage haɗarin daji. Mai ɗauke da shi ya riƙa ganin likita, wanda hantarsa ta taɓu a yi masa hoton ciki duk wata shida.

In an gano ƙarin yana ƙarami, ana iya yanke shi, ko a ƙona shi da allura mai zafi, ko a yi dashen hanta. In ya yi nisa, akwai magungunan da ke rage masa gudu, amma ba sa warkarwa. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba hanta ce ke wahalar tace su, kuma suna cinye lokacin da ya kamata a je asibiti.

Aikin wannan wata: kowa ya tambayi iyayensa ko an yi masa rigakafi, sannan ya ja ɗan uwa guda su je gwaji tare. Allah Ya ba mu lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.