Maganin Kumburi Da Ƙodar Kare

Yau zancenmu a kan kare ne. Kada wani ya ce ai kare ba dukiya ba ne. Mai garken tumaki a fadamar Haɗeja, wajen Guri ko Kirikasamma, ya san amfaninsa da dare, haka kuma mafarauci.

Akwai wasu magunguna da a ke kira sitiroyid. Shahararru cikinsu su ne deksametason da firednisolon. Suna kwantar da kumburi da ƙaiƙayi nan da nan, shi ya sa in kare ya kwanta sai a yi masa allura, ya tashi ya ci abinci, a ce ya warke. Sau da yawa kuwa cutar tana nan, an lulluɓe ta ne kawai.

Aikin ƙoda shi ne tace jini, ta fid da datti ta hanyar fitsari. In likitan dabbobi yana so ya san lafiyarta, sai ya ɗebi jini a auna abu biyu, watau yuriya da kiriyatinin. Yuriya hanta ke yin ta daga ragowar nama da irinsa, kiriyatinin kuwa daga tsokar jiki ya ke fitowa. In ƙoda ta gaza, dukansu su kan taru a jini. Amma ba su tashi sosai sai aikinta ya lalace wajen kashi uku cikin huɗu.

To, ga inda maganin nan ke rikita awo. In kare ya daɗe a kansa, tsokarsa ta kan zube. Abin da ya narke ya kan ƙara yuriya, ko da ƙoda lafiya lau ta ke, balle in maganin ya jawo gyambon ciki jini na tsiyaya. Kiriyatinin kuma sai ya sauka, don tsokar da ke yin sa ta ragu. Ka ga ke nan ana iya zargin ƙoda mai lafiya, ana kuma iya wanke mai ciwo. Na biyun nan ya fi muni. Har ila yau maganin ya kan sa yawan shan ruwa da yawan fitsari tsararo, su ne kuwa alamun ciwon ƙoda na farko.

Mutanen bakin kogi su ya fi kamata su kula. Bayan ambaliya irin ta 2020 da ta 2022, ruwa ya kan kwanta, fitsarin ɓeraye ya gauraya da shi. Ta nan kare ke ɗaukar wata cuta, leftosifirosis, mai kama ƙoda da hanta. Mutum ma tana kama shi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ta ke so, sitiroyid kuwa raunana garkuwar jiki ya ke yi.

In za ka kai kare asibitin dabbobi, tafi da kwalbar ko kwalin maganin. Faɗa wa likita kwana nawa ka yi kana ba shi, da ranar ƙarshe, ko da kai ka saya a kasuwa ba da izninsa ba. Kada ka tsai da shi farat ɗaya in an daɗe ana sha, a hankali a ke ragewa. Kada ka hana shi ruwa don fitsari ya dame ka. Kada kuma ka haɗa masa da daikulofenak ko ibufurofen na mutane, suna ɓata ƙodar kare da cikinsa.

Makiyaya kuma su sani, allurar deksametason ta kan sa saniya ko akuya mai tsohon ciki ta yi ɓari.